Zarto Mai Dogon Sanda: Na Fetur, Na Batir, Na Waya Ko Na Hannu, Wanne Ya Fi Sauƙin Gyara?

Zarto mai dogon sanda, wanda ake yanke rassan bishiya da shi mutum yana tsaye a ƙasa, iri huɗu ne: mai injin fetur, mai batir, mai wayar lantarki, da na hannu wanda ba shi da inji. Ranar da aka sayo su duk suna yanka. Bambancin yana fitowa ne bayan wata shida ko shekara, ranar da ka ɗauko shi ya ƙi tashi, ko ya tashi amma sarƙa ta ƙi juyawa. Shi ya sa wannan kwatanci ya bi ta hanyar lalacewa: abin da ke mutuwa a kowane iri, abin da ke jawo shi, wanda za ka gyara da sukundireba da sifana a gida, da wanda sai an canza ɓangaren ɗungurungum.

Kan zarton, inda ukun suka zama ɗaya

Zartuna ukun masu inji kai iri ɗaya gare su: sarƙa mai haƙora, falalen ƙarfen da take zagayawa a kansa (za mu riƙa kiran sa takobi), ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan sarƙar, sai tankin man sarƙa da famfonsa. Duk irin da ka zaɓa, wannan aikin yana kanka, kuma da yawa daga cikin zartunan da ake cewa inji ya gaji, kan ne kawai ba a kula da shi ba.

Fara da abin da ke zubowa daga reshen. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya-manya take zubarwa, kuma tana shiga itacen da nauyin kanta. Wadda ta dakushe gari take zubarwa, sai ka ji kana dannawa, takobi yana zafi, wani lokaci har hayaƙi. Ana wasa ta da magagari zagayayye. Yawancin sarƙoƙin wannan zarto, masu tazarar inci 3/8 gajeru ko inci 1/4, magagari mai kaurin milimita 4 suke so, amma siririyar inci 1/4 ta kamfanin Stihl milimita 3.2 take so. A riƙe magagarin a kusurwar digiri 30, a tura shi daga cikin haƙori zuwa waje, kuma kowane haƙori ya sami adadin turi ɗaya, uku ko huɗu. Idan haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen tsawo, yankan zai riƙa karkacewa har takobi ya maƙale. A gaban kowane haƙori akwai ɗan ƙaho da ke iyakance zurfin cizo, a yawancin sarƙoƙi ya kamata ya gaza tsinin haƙorin da milimita 0.65. Idan ba a taɓa rage shi ba, sarƙa za ta yi kaifi amma ba za ta ci itace ba. Idan aka rage shi fiye da kima sai ta riƙa fizga, kuma fizgar da hannu zai iya shanyewa a ƙaramin zarto ba ya iya shanye ta a ƙarshen sanda mai mita uku. Haƙori ya rage ƙasa da milimita 4, sarƙar ta gama aiki.

Wajen sayen sabuwa, lamba uku ake dubawa, kuma galibi an buga su a gindin takobi: tazarar haƙora, kaurin ƙafar sarƙa da ke gudu a cikin ramin takobi (milimita 1.1 ko 1.3), da yawan ƙafafun. Takobi mai inci 8 yakan ɗauki ƙafa 33 ko 34, mai inci 10 kuwa 39 ko 40. Ƙafa ɗaya ta bambanta, sarƙar ba za ta ɗauru daidai ba. Wannan wuri ne da ya shafi zaɓi kai tsaye: zarton da sarƙarsa ta gama-gari ce, irin wadda kamfanin Oregon da makamantansa ke yi, ya fi wanda sai wurin kamfanin da ya ƙera shi ake samun tasa.

Sarƙar da ke yawan zamewa daga takobi tana da dalilai huɗu da aka saba gani. Na farko sako-sako. Ana ɗaure ta tana sanyi: a sassauta noti, a ɗaga hancin takobi sama, a juya sukurun ɗauri har sarƙa ta manne a ƙasan takobi amma hannu mai safa yana iya jan ta, sannan a ɗaure noti. Sabuwar sarƙa tana miƙewa da sauri, a sake duba ta bayan yanka kaɗan na farko. Na biyu, farantin da ke jan ta ya ci. Idan ramin da sarƙa ta yi masa ya kai milimita 0.5 a canza shi, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce faranti ɗaya ga sarƙa biyu. Na uku, ramin takobi ya buɗe har sarƙa tana rawa hagu da dama. Na huɗu, ɗan fegin da ke tura takobi bai shiga raminsa ba lokacin haɗawa, ko ya karye. A nan zartuna masu noti na ƙarfe sun fi masu murfin roba da ake murɗawa da hannu riƙo. Murfin roban yana da daɗin aiki, amma a ƙananan zartuna masu araha shi ne ke fara sakin jiki.

Sai man sarƙa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a nufi kwali ko wani abu mai haske da hancin takobi, tazarar kamar taki ɗaya, a ba shi wuta na rabin minti. Ya kamata a ga layin mai. Idan babu, a cire takobi, a share raminsa da siririn ƙarfe, a buɗe ɗan ƙofar mai da ke gindinsa, domin garin itace da mai suna cakuɗewa su toshe ta. A kunna zarton ba takobi ba sarƙa, a duba ko mai yana fitowa daga jikin kan. Idan yana fitowa, matsalar a takobi take. Idan ba ya fitowa, ko dai matatar cikin tanki ta toshe, ko tiyo ya tsage, ko ƙaramar giyar roba da ke juya famfo ta cinye. Wannan giya ba ta da tsada, matsalar kawai ko ana sayar da ita ita kaɗai. Kada a zuba tsohon baƙin mai na mota: ba shi da danƙon da zai manne a sarƙa, kuma ƙurar ƙarfen da ke cikinsa tana cin famfo. Wasu ƙananan zartunan batir da na waya ba su da famfo mai aiki da kansa, sai an danna ɗan ƙullutun roba, wasu ma ba su da tanki sam. Tun da kan yana can sama ba ka ganin sa, mai famfo mai aiki da kansa ya fi.

Abin da ke lanƙwasa takobi kuwa yawanci salon yanka ne. Reshe mai nauyi idan aka yanka shi daga ƙasa har ya yi zurfi, sai ya sauko ya matse takobi, mutum ya shiga fizga da murɗawa. Yanka uku ake yi: ɗan tsaga daga ƙasa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin reshen, santimita 20 zuwa 30 daga jikin bishiya, sai yanka daga sama ɗan gaba da tsagar har reshen ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage. Idan ya riga ya maƙale, a kashe inji, a ɗaga reshen da wata sanda.

Na fetur: yana yawan ciwo, amma kowane ciwo da maganinsa

Wannan shi ne mafi ƙarfi kuma mafi nauyi, kilo 6 zuwa 8, da inji mai girman sisi (cc, ma'aunin girman inji) 25 zuwa 36 ko kusa da haka. Shi ne kuma ya fi kowanne yawan abubuwan da za su iya tsayar da shi. Amfaninsa shi ne kusan kowane ɓangare ana kwance shi, kuma ƙananan kayansa suna samuwa.

Yawancin injinan nan masu bugu biyu ne, ana haɗa musu fetur da man 2T. Haɗin 50:1 yana nufin mililita 20 na mai a lita ɗaya ta fetur, wato mililita 100 a lita 5. Haɗin 40:1 mililita 25 ne a lita. A bi abin da littafin injin ya ce, a auna da ma'auni, ba da ido ba. Mai ya yi kaɗan, fistin ya karce silinda, kuma wannan ita ce lalacewar da ta fi kowacce tsada. Mai ya yi yawa, fulogi da salansa su cika da baƙi. Akwai masu bugu huɗu irin injin Honda GX25 da GX35, waɗanda ke shan fetur zalla da baƙin mai a ma'ajinsa daban. Akwai kuma injin 4-MIX na Stihl, mai bawul kamar na bugu huɗu amma yana shan haɗin 50:1. Wannan na ƙarshen yana da wata alama tasa: idan igiyar tayarwa ta yi tauri ƙwarai kuma ƙarfi ya ragu, sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, sai a maido ta milimita 0.10 inji yana sanyi.

Idan ya ƙi tashi, a bi shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da farko fetur: haɗin da ya wuce kwana 30 a ajiye ya fara lalacewa, musamman fetur mai gaurayen etanol wanda ke jan danshi. A zubar, a zuba sabo. A danna ƙullutun roba mai jawo fetur sau biyar zuwa goma. Idan bai cika ba, ko ya tsage, ko tiyon cikin tanki ya ruɓe, ko matatar da ke ƙarshen tiyon ta toshe. Daga nan a cire fulogi a karanta shi. Idan a jiƙe yake sharkaf, inji ya sha fetur fiye da kima, galibi saboda an ci gaba da jan igiya cok yana rufe bayan inji ya yi tarin farko. A shanya fulogin, a kashe makunni, a ja igiya sau goma babu fulogi, a mayar, a tayar cok a buɗe. Idan a bushe yake ƙayau bayan ja da yawa, fetur ba ya isowa, sai a nufi kafireto. Tazarar bakin fulogi milimita 0.5 ce a injinan Stihl, 0.6 zuwa 0.7 a wasu da dama. A gwada wuta ta hanyar jingina jikin fulogi da ƙarfen inji, nesa da ramin fulogi da duk wani fetur. Idan babu tartsatsi ko da sabon fulogi, a zare siririyar wayar kashewa daga kwayil a sake gwadawa. Wuta ta dawo, makunni ne ko wayarsa. Ba ta dawo ba, kwayil ne, kuma wajen ɗaura sabo a bar tazarar milimita 0.2 zuwa 0.3 tsakaninsa da maganaɗisun fulawul.

Kafireton waɗannan injina, galibi na kamfanin Walbro ko Zama, ba shi da kwanon fetur irin na babur. Siraran fatun roba ne a ciki ke tsotso fetur da auna shi, shi ya sa yake aiki ko an karkata zarton. Fetur ya kwana a ciki wata da watanni, fatun su bushe su yi tauri. Alamar ita ce inji ya tashi da cok kawai, ko ya mutu da zarar an taɓa totur. Ana sayar da kunshin fatun da fakin tare. A lura da lambar da ke jikin kafireton, a kuma lura da yadda aka jera fata da fakin kafin a cire, domin jerin gefen famfo ya saɓa wa na gefen awo. Kada a zura waya a ƙananan ramukan.

Sukurori uku ne a jikinsa: L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, da T ko LA na silo, wato gudun inji lokacin da ba a taɓa totur ba. Silo yakan zauna wajen juyi 2,800 zuwa 3,000 a minti, kuma a silo sarƙa ba ta motsi. Idan tana motsi, a rage T. Idan ba ta daina ba, sifirin na kuloci ya saki ko ya karye, kuma kada a yi aiki da shi a haka. Sukurun H kuwa a yi hattara da shi: ɗaure shi ciki yana sa inji ya yi ƙara mai daɗin ji, amma yana rage fetur da man da ke sanyaya fistin. Injina da yawa sun ƙone ta nan.

Alamu biyu suna yaudarar mutane su kwance kafireto a banza. Inji yana tashi lafiya, yana silo lafiya, amma ba ya ɗaukar wuta: a duba matatar iska, sannan ɗan ragar ƙarfe da ke bakin salansa, wadda baƙi ke toshewa. A cire ta a goge da burushin ƙarfe. Inji yana aiki minti biyar ko goma ya mutu, in an buɗe murfin tanki sai a ji iska ta shiga kuma ya sake tashi: mashigar iskar tanki ce ta toshe.

Inda gyara ke daina riba shi ne matsi, wato ƙarfin da fistin ke matse iska da shi a cikin silinda. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da psi 90 a injin bugu biyu, a cire salansa a leƙa fistin. Karce a tsaye a jikinsa yana nufin sabon fistin da silinda. A zarton babban kamfani ana yin wannan aiki ya biya. A mai araha, kuɗin kaya da na aiki sukan kusa kamo kuɗin sabo.

Sandar na fetur ita ma inji ce

Wannan shi ne abin da masu saye suka fi mantawa. A zarton fetur inji yana ƙasa, sarƙa tana sama, kuma wani dogon ƙarfe ne a cikin bututun sandar ke kai juyi daga kuloci zuwa giyar kai. Idan inji yana ɗaukar wuta amma sarƙa ba ta juyawa, a fara tabbatar da cewa ba ta maƙale ba, sannan a cire kan a duba ko ƙarshen ƙarfen yana juyawa. Yana juyawa, giyar kai ce ta cinye. Ba ya juyawa, ko ya karye, ko bakinsa mai kusurwa ya goge ya zama zagaye, ko kuloci ya ƙare. A masu sanda biyu da ake haɗawa, sau da yawa ƙarfen ne bai shiga mazauninsa sosai ba, kuma yin aiki a haka shi ke goge bakin.

Masu sandar da ke zugewa, irin waɗanda ke tashi daga mita 2.7 zuwa 3.9, sun fi daɗin aiki kuma sun fi tsadar gyara, domin ƙarfen cikin ma zugewa yake yi a kan boris da zobban roba. Reshe ya faɗo wa sandar ko zarton ya faɗi, bututun ya ɗan lanƙwashe, sai karkarwa ta fara, zugewa ta yi wuya. Ba a miƙe irin wannan bututu ya koma daidai, canza shi ake yi. Mai sanda ɗaya tsayayya ya fi juriya. Giyar kai, in tana da ramin giris, a riƙa sa mata kamar yadda littafin ya tsara, amma kada a cika ta maƙil.

Na batir: ba ya yawan ciwo, in ya yi kuwa sai canji

A yawancin zartunan batir mota tana can a kai kusa da sarƙa, wayoyi ne kawai ke bi ta cikin sanda. Babu kafireto, babu fulogi, babu igiya, babu dogon ƙarfen juyi. Wanda zai ajiye zarto wata huɗu ya ɗauko, wannan ne zai tashi masa nan take. Kuɗin wannan sauƙi shi ne nauyin kai: duk da jimillar nauyinsa ba ta kai ta na fetur ba, motar da ke ƙarshen sanda tana gajiyar da kafaɗa. Wasu manyan samfura na ƙwararru sun maido motar ƙasa, amma da haka suka gaji matsalar ƙarfen juyi.

Idan ya ƙi tashi, a gwada batirin a wani kayan aiki na kamfanin. Idan batir lafiya yake, a duba bakin ƙarfen da yake shiga, sannan mahaɗin sanda. A masu gaɓa-gaɓa kowace gaɓa tana da fegin lantarki, kuma idan zoben ɗauri bai kai ƙarshe ba, ko fegi ɗaya ya lanƙwashe, zarton shiru zai yi. A masu zugewa waya ce naɗaɗɗiya a ciki, takan tsinke a inda take shiga hannu. Mita mai gwada waya tana gano wannan cikin minti kaɗan. Sai makunnin kunama da maɓallin tsaro, waɗanda garin itace ke hana su kaiwa ƙarshe.

Zarton da ke tsayawa a tsakiyar yanka ya sake tashi bayan an saki kunama bai lalace ba. Na'urar kariya ce ke yanke wuta saboda lodi ko zafi, kuma dakusasshiyar sarƙa, ɗauri mai tsanani ko rashin mai su ne suka fi jawo haka.

Mota iri biyu ce. Mai burushin gawayi tana da araha, kuma idan gawayin ya cinye sai ta riƙa tartsatsi da tsayawa; a wasu ana canza gawayin, a ƙananan kuwa motar rufaffiya ce, ita ake canzawa. Marar burushi ta fi ƙarfi da daɗewa, amma allon lantarkin da ke sarrafa ta a cikin danƙo aka binne shi, ba a gyara shi, kuma sau da yawa tare da mota da makunni ake sayar da shi.

Batirin shi ne ainihin kuɗin. Wanda aka rubuta volt 18 da wanda aka rubuta volt 20 abu ɗaya ne, ƙwayoyi biyar a jere, haka ma 36 da 40, ƙwayoyi goma. Don kwatanta yawan aiki a ninka volt da Ah, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka: 18 sau 5 ya ba da 90, 36 sau 2.5 ma 90. Batirin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. A ajiye shi da caji kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari a wuri mai sanyi, kada a sa shi caji yana da zafi daga aiki. Wanda ya kumbura, ya tsage ko ya faɗa ruwa, a daina amfani da shi. Shawararmu a nan ba ta da kwana: a sayi zarton da batirinsa ke shiga wasu kayan aiki na kamfani mai ɗorewa. Zarto mai batir na musamman da babu irinsa, ranar da batirin ya mutu shi ma ya mutu.

Na waya

Shi ne mafi araha cikin masu inji, mai mota wat 700 zuwa 750 ko kusa, kuma lalacewarsa ba ta da ɓoyo: waya ta tsinke a gindin hannu, makunni ya ƙone, gawayi ya cinye, ko babbar giyar roba da ke tsakanin mota da sarƙa ta zube haƙora. Alamar ta ƙarshen ita ce mota tana kuka sarƙa tana tsaye. Abin da ke ƙona motarsa a hankali shi ne siririyar wayar ƙari mai tsawo, domin wuta tana raguwa a hanya. Waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ta isa har wajen mita 25, fiye da haka a koma 2.5, a warware ta duka daga gangarta, a kuma bi da ita ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30. Warin ƙuna tare da tartsatsi mai zagaye amaca, ɓangaren motar da ke juyawa, yana nufin naɗin wayarta ya ƙone, kuma ba kasafai gyaran ke biya ba. Iyakarsa tsawon wayarsa, kuma jan waya a cikin rassan da suka zube akwai ban haushi.

Na hannu, wanda ake rainawa

Ba shi da abin da zai ƙi tashi. Ya fi duka sauƙin ɗauka, ya fi duka kaiwa sama, wasu har mita 6, kuma yankansa ya fi na sarƙa tsabta, abin da ke da amfani ga bishiyar 'ya'ya. Ruwan zarton lanƙwasasshe ne, a jawowa yake yanka. Wanda ya danna da ƙarfi a turawa shi ke lanƙwasa shi. Idan tsinin haƙoran ya yi duhu, an taurara su da zafi, magagari ba ya cin su, sai a canza ruwan, sukuru biyu ko uku ne. Sau da yawa ma ba dakushewa ba ce, ƙaron itace ne ya manne, a wanke shi da kananzir. Makullan sanda da suka fara zamewa suna da sukurun ƙara matsi. Almakashin igiya da ke zuwa da wasu na rassa ne har kaurin santimita 3. A wuce haka, igiya ko sifirin ko bakin ya tafi. Gazawarsa a fili take: reshe mai kaurin santimita 15 zai ci maka lokaci da gumi, ashirin irinsa kuwa aikin yini ne.

To, wanne?

Mai aiki da zarto kowane mako, a gonar itatuwa ko a sana'ar gyaran bishiya, yana yanka rassa masu kaurin santimita 15 zuwa 20 nesa da wuta, na fetur ne nasa, na kamfanin da ke sayar da kayan gyara. Fetur ba ya tsufa a tankin mai aiki kullum, don haka babbar matsalar wannan iri ba ta cika samun sa ba. Mai bishiyoyi kaɗan da zai yi aski sau biyu ko uku a shekara, na fetur zai wahalar da shi, domin zama ne ke kashe kafireto. Na batir ya fi masa, balle in yana da batirin kamfanin tun da farko. In duk bishiyoyin suna kusa da soket, na waya zai yi aikin da kuɗi kaɗan, kuma babu batirin da zai tsufa a ajiye. In rassan ba su wuce santimita 8 zuwa 10 ba, ko suna sama da mita 5, na hannu mai kyau ya fi mai inji mai araha. Wanda ya nace wa na fetur duk da ƙarancin aiki, ya riƙa juye tanki kafin ajiya, ya kunna inji har ya mutu da kansa.

Abu ɗaya bai canzawa ko wanne aka ɗauka: kada a kusanci wayar wutar sama. Littattafan wasu manyan kamfanoni suna cewa a bar mita 15, kuma ɗanyen reshe ma yana ɗaukar wuta. A riƙe sanda a karkace, kada ta wuce digiri 60 daga ƙasa, don reshe ya faɗi gabanka. Hular kwano da tabarau dole ne. Kafin hannu ya taɓa sarƙa, a cire hular fulogi, ko batir, ko waya daga soket.

Game da gyara ko sayen sabo, ma'aunin da muke ba da shawara shi ne rabin kuɗi: gyaran da zai haura rabin kuɗin sabo, a zarton da sauran jikinsa ma ya gaji, bai cancanta ba. Sarƙa, takobi, faranti, fulogi, tiyo, fatun kafireto, gawayi da makunni duk suna ƙasa da wannan layi. Silinda, bututun zugewa, allon lantarki da amaca sukan haura shi.

Mai sayen wanda aka yi amfani da shi ya nemi a tayar da na fetur yana sanyi a gabansa, ya taɓa salansa tukuna don tabbatar da ba a ɗumama shi ba, ya zuge sandar har ƙarshe ya hanga ta kamar mai duba miƙewar katako, sannan ya ba shi wuta yana sauraron karkarwa a hannu. A na batir, ya yanka reshe na gaske da cikakken caji ya ga layi nawa na alamar caji ya sauka, ya kuma girgiza kowane mahaɗi mota tana aiki. In ta ɗauke ko sau ɗaya, fegin ko wayar ciki ta fara tafiya, sai a cire kuɗinta daga ciniki.